Makonni Shida da Na Yi Ina Jiran Magani Ya Bar Jikina

Ni malamin gona ne, kuma mafi yawan shekarun aikina na yi su ne a gonakin noman rani na yankin Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake bin manyan magudanai ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa fangalin manomi. Ban taɓa zaton wannan aikin zai taimake ni wajen gane abin da ke gudana a cikin jikina ba, sai da aka same ni da ciwon dajin babban hanji wanda ya riga ya tsallaka zuwa hanta, aka ɗora ni a kan wani magani da ke hana sababbin jijiyoyin jini tofowa. Abin da nake son bayyanawa shi ne yadda wannan maganin ya shafi warkewar rauni a jikina, tun daga ƙaramar ƙuna a ƙafa har zuwa babban ɗinki a ciki, domin na ga yadda rashin sanin wannan batu yake jefa majinyaci da danginsa cikin zargi da fargaba marasa tushe.

A farkon damina aka yi mini aikin farko, aka yanke ɓangaren hanjin da ƙarin yake, aka haɗa bakin biyu aka ɗinke. Wannan raunin bai ba ni wahala ba, a rana ta 12 aka cire zare, kuma kafin wata ya cika ina zuwa masallaci da ƙafata. Da aka zo fara maganin kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji, likitar da ke duba ni ta ce akwai wani magani na daban da za ta haɗa mini da shi, sunansa bevacizumab, wanda aka fi sani da Avastin, amma ba za ta sa shi a zagayen farko ba. Na tambaye ta dalili, domin a lokacin ina ganin duk ranar da ta wuce ba a sa mini dukkan magungunan ba asara ce.

Ta ce, "Malam, raunin da kake gani a fatar ciki shi ne ƙarami. Akwai wani a ciki, inda aka haɗa hanji da hanji, wanda ni da kai ba ma ganinsa. Idan na sa maganin nan tun bai gama kamawa ba, ɗinkin yana iya saki, abin da ke cikin hanji ya tsiyaye cikin ciki."

Ƙa'idar da kamfanin maganin ya rubuta a takardar da ke cikin kwalinsa ita ce kada a sa shi sai bayan kwana 28 da yin babban aiki, kuma sai rauni ya warke sosai. Haka nan a dakatar da shi aƙalla kwana 28 kafin duk wani aikin da aka tsara. Ni sai a mako na 7 bayan aiki aka fara sa mini. Kafin a ɗaura ruwan, likitar ta sa na cire riga ta bi tabon da yatsa tun daga sama har ƙasa, sannan ta jero mini tambayoyin da a lokacin na ɗauka ba su da alaƙa da ciwona: ko ina da gyambo a ƙafa, ko basir yana zubar mini da jini, ko akwai haƙorin da nake shirin cirewa, ko ina da gyambon ciki, ko na taɓa tarin jini. An auna nauyina aka samu kilo 68, aka lissafa miligiram 5 a kan kowane kilo, wato miligiram 340, ana sa shi ta ƙarin ruwa duk bayan mako 2. Na farko ya ɗauki minti 90 yana shiga, na biyu minti 60, daga nan aka tsaya a minti 30. Duk zuwa sai an gwada hawan jini da fitsari, saboda maganin yana ɗaga jini, kuma yana iya sa ƙoda ta riƙa sakin furotin.

'Yata ta biyu, wadda take karatun haɗa magunguna, ita ce ta zauna da ni dare da dama tana karanta mini tarihin maganin tana warware mini shi, kuma a nan ne na fara ganin gonata a cikin lamarin. A shekarar 1971 wani likitan tiyata na birnin Boston a Amurka, Judah Folkman, ya fito da ra'ayin cewa ƙari ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2, kusan girman ƙwayar gero, sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, don haka idan aka hana shi jawo su za a tsayar da girmansa. An daɗe ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. A 1989 wani masanin Italiya, Napoleone Ferrara, yana aiki a kamfanin Genentech, ya ware sinadarin da jiki yake aikawa idan yana kiran jijiyoyi su tofo, wanda ake taƙaita sunansa da VEGF. Daga wannan binciken aka samar da bevacizumab, wanda aikinsa shi ne ya kama wannan sinadarin ya riƙe tun kafin saƙon ya isa ga bangon jijiya, kuma a watan Fabrairun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi ga masu irin ciwona.

Da ta kai nan na ce mata na gane. Duk wanda ya buɗe sabuwar gona a gefen fili, abu na farko da yake nema shi ne a tsaga masa ƙaramar hanyar ruwa daga babbar magudana, kuma idan aka hana shi, komai kyawun irinsa ba zai kai ko'ina ba. Tsofaffin gonaki da suka riga suka sami hanyoyinsu ba su cika jin hanin ba, sabon shiga ne yake bushewa. Abin da ban yi la'akari da shi ba a wannan daren shi ne cewa dokar hana tsaga sabuwar hanya ba ta tantance mai neman ruwa. Ta shafi wanda ya ci iyaka ya shuka abin da ba a so, ta kuma shafi manomin kirki da ambaliya ta cinye masa kunya yake son ya gyara. A jikin babban mutum, wuraren da suke buƙatar sababbin jijiyoyi da gaggawa ba su da yawa, kuma rauni yana kan gaba a cikinsu. Wani masanin cututtuka na Boston, Harold Dvorak, wanda shi da abokan aikinsa suka fara gano wannan sinadarin ta wata fuskar a 1983, ya rubuta a 1986 cewa ƙari rauni ne da ya ƙi warkewa, yana nufin duka biyun hanya ɗaya suke bi wajen kiran jini da gina nama.

Bayan an sa mini maganin sau 3 ne na ga wannan da idona. Wata rana da la'asar na sauko daga babur a ƙofar gida, jiri ya ɗan ɗebe ni, sha-raɓata ta dama ta jingina da salansa mai zafi. Ƙunar ba ta fi faɗin murfin kwalbar lemo biyu ba, irin wadda na sha samu a baya nake shafa mata magani in manta da ita cikin kwana 10 ko mako 2. Wannan karon bororon ya fashe, fatar ta saluɓe, sai wurin ya tsaya cak. Ba ya wari, ba ya mugunya sosai, ba ya kuma matsewa. Mako 2 suka wuce yana nan yadda yake, kuma ban faɗa wa kowa a asibiti ba, saboda ina ganin mutumin da ake fama da hantarsa bai kamata ya ɓata lokacin likita da ƙunar salansa ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaura mini ruwa ce ta hango bandeji a ƙasan wandona.

Ta ce, "Baba, mene ne wannan a ƙafarka, kuma tun yaushe?"

Da na faɗa mata, sai ta ajiye ledar ruwan ba ta ɗaura ba, ta kwance bandejin ta haska wurin da fitilar wayarta, ta ce in sunkuyo in duba da kaina. Ta bayyana mini cewa raunin da yake kan hanyar warkewa, idan ya kai mako guda, ƙasansa yakan yi ja wur, ya yi ƙananan gudaji masu sheƙi kamar tsokar kankana, kuma da an goga auduga sai jini ya ɗan tsattsafo. Wannan jan naman ba komai ba ne face dubban sababbin ƙananan jijiyoyi da ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama a tsakaninsu. Nawa kuwa fari-fari ne, sumul, kamar cikin ɓawon kankanar, ta goga auduga da ɗan ƙarfi amma ko ɗigon jini bai fito ba, gefunansa kuma sun tsaya a tsaye maimakon su kwanto su fara rufowa. Nan take ta kira likita, likita ta duba ta ce za a ci gaba da kemo amma a janye bevacizumab har sai wurin ya rufe.

Sai daga baya na fahimci abin da ya sa rashin jijiyoyin ya tsayar da komai. Idan aka ji rauni, jini yakan daskare ya toshe wurin, sannan a 'yan kwanakin farko fararen ƙwayoyin jini su taru su share datti da ƙwayoyin cuta, shi ya sa wurin yake kumbura ya yi zafi. Tsakiyar raunin a wannan lokacin tana cikin ƙarancin iskar oksijin saboda an yanke jijiyoyin da ke kai mata, kuma wannan ƙarancin shi ne yake sa ƙwayoyin wurin su fitar da VEGF. Bincike kan yadda ƙwayoyin jiki suke gane ƙarancin iska ne ma ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel a 2019. Daga wajen rana ta 4 zuwa mako na 3, jijiyoyin da ke gefe sukan yi rassa su kutsa cikin raunin. Iskar oksijin ba ta iya yin nisa daga jijiya fiye da kaurin gashi biyu ko uku, don haka duk inda jijiya ba ta kai ba, masu saƙar nama ba za su iya aiki a can ba. Zaren da suke saƙawa, wanda ake kira kolajin, ba ya yin ƙarfi sai da iskar oksijin da bitamin C da sinadarin ƙarfe, kuma sabuwar fata ba ta iya rarrafowa daga gefe sai ta sami wannan jan naman ta taka. Gaskiya ne cewa kemo shi ma yana rage saurin warkewa, kuma ƙasan ƙafa wuri ne mai jinkiri ko ga mai lafiya, don haka ba zan ɗora wa magani ɗaya dukkan laifin ba. Amma siffar da raunin ya yi ita ce siffar wurin da aka hana ruwa.

Kullum da safe uwargida takan wanke hannu, ta wanke wurin da ruwan gishirin asibiti, ta shafa man ƙunar da aka ba mu, ta rufe. Wata gwaggona ta aiko da garin magani a ƙunshe a ce a barbaɗa, muka karɓa da godiya amma ba mu sa ba. A cikin mako na 4 da daina maganin, uwargida ta ɗaga audugar ta ce, "Malam, dubi, ya fara ja ta gefen nan." Wasu 'yan jajayen ɗigo ne kamar an yayyafa barkono a gefe ɗaya. Daga ranar abin ya riƙa tafiya, kuma sai da ƙunar ta cika mako 7 kafin ta rufe, aka mayar da ni kan maganin.

A tsakanin nan ne yayana ya zo daga ƙauye tare da wanzaminmu na gado. Ina yawan kukan nauyin jiki da ciwon baya, shi kuma a saninsa babu abin da ke sauke wannan kamar ƙaho, kuma ni kaina na sha yi a baya na ji daɗinsa. Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri da ƙahon nan tukuna." Ransa bai so ba, yana ganin na fifita maganar asibiti a kan abin da iyayenmu suka yi suka zauna lafiya. Ban yi masa dogon bayani ba, na naɗe wandona na kwance bandejin na nuna masa, na ce wannan ƙunar salansa ce ta fiye da wata guda. Wanzamin ne ya fara magana, ya ce shi ma ba zai sa aska a jikin da yake riƙe ciwo haka ba. Tsagar ƙaho ƙanana ne, amma suna da yawa, kuma mai shan wannan maganin jininsa yana saurin zuba, ni kaina kusan kullum da safe sai na ga ɗan haɓo idan na fyace hanci, ga kemo ya rage sojojin jiki da ke yaƙar ƙwayoyin cuta.

Da hunturu ya shigo aka sake ɗaukar hoton ciki, aka ga ƙari biyun da ke hanta sun motse har likitan tiyata ya ce yanzu ana iya yanke su. A ranar na yi zaton cikin makon za a kwantar da ni. Sai ya buɗe fayil ya nemi ranar da aka sa mini bevacizumab na ƙarshe, ya ƙirga a kalandar da ke bango, ya sa ranar aiki bayan mako 6. Wannan jiran shi ne abu mafi nauyi da na fuskanta a duk jinyar, fiye da amai da kasalar kemo, domin mutum ya san akwai abu a hantarsa, ya san an janye maganin da ya taimaka wajen motsar da shi, kuma an ce ya koma gida ya zauna.

A gida maganganu suka fara yawo. Wasu suka ce kuɗi ake so a ƙara, wasu suka ce likitoci sun ga abin ya fi ƙarfinsu ne suke ja mana rai, ƙanin uwargida ya kawo shawarar a nemi wani wurin da za a yi aikin cikin kwana 3. Ni ma zuciyata ta fara karkata, har na koma wurin likitan tiyatar na ce, "Likita, takardar maganin kwana 28 ta ce, me ya sa ni za a kai ni 42?"

Ya jawo takarda ya zana mini lissafin. Ya ce wannan maganin ba irin wanda ƙoda take tacewa ta zubar cikin kwana ɗaya ba ne, babban furotin ne irin na garkuwar jiki, kuma jiki yana ɗaukar kimanin kwana 20 kafin ya rage rabinsa, a wasu mutanen ma fiye da haka. Ke nan a rana ta 20 rabi yana nan, a rana ta 40 rubu'i yana nan, sai a rana ta 60 yake komawa kashi 1 cikin 8. Kwana 28 shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi, amma a aikin hanta likitoci da yawa sukan jira mako 6 zuwa 8, saboda yankan babba ne, hanta wuri ne mai jini, kuma ragowar hantar za ta buƙaci sababbin jijiyoyi domin ta sake girma ta cike gurbin abin da aka cire. Ya ƙara da cewa a binciken da aka yi wa masu ciwon dajin hanji, waɗanda aka yi wa tiyata suna kan maganin, kashi 15 cikin 100 sun sami matsalar warkewar rauni, alhali a cikin waɗanda ba sa kansa kashi 4 ne kawai. Matsalar kuwa ta haɗa da buɗewar ɗinki, da zubar jini, da sakin mahaɗar hanji, kuma akwai waɗanda suka rasa ransu ta haka. Game da tsorona na cewa ƙarin zai farfaɗo, ya ce za a ba ni zagaye ɗaya na kemo shi kaɗai a rana ta 14, sannan a bar jiki ya huta mako 4.

Na tambaye shi abin da zai faru idan wani abu na gaggawa ya taso kafin lokacin, kamar haɗarin mota ko toshewar hanji. Ya ce a irin wannan ba a jira, ana shiga ne a ceci rai, amma wajibi ne likitan da zai yi aikin ya san ina da maganin a jiki, domin hakan yana iya canza shawararsa, alal misali ya fito da bakin hanji ta fatar ciki na ɗan lokaci maimakon ya haɗa shi ya dogara da ɗinkin da ba lalle ya kama ba. Ya sa aka rubuta mini sunan maganin da ranar shansa na ƙarshe a ɗan kati, na sa shi cikin aljihu tare da katin shaidata. A ganina duk wanda aka ɗora a kan irin wannan maganin ya kamata a ba shi wannan katin tun ranar farko, domin a ƙasarmu fayil ɗin majinyaci ba ya bin sa daga wannan asibiti zuwa wancan, kuma wanda aka kawo a sume ba ya iya bayani.

Katin ya yi mini amfani tun ba a je ko'ina ba. A mako na 2 na jiran, turmin haƙorina na ƙasa ya tashi da ciwon da ya hana ni barci, na tafi wurin likitan haƙori da niyyar a cire shi in huta. Ya riga ya sa safar hannu lokacin da na miƙa masa katin. Ya karanta, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce ba zai cire ba a yanzu. Ramin da haƙori yake bari rauni ne da ya kai har ƙashi, kuma an sami waɗanda ramin ya ƙi rufewa suna kan irin wannan maganin har ƙashin muƙamuƙi ya mutu ya fito fili, musamman masu haɗa shi da magungunan ƙarfafa ƙashi. Ya wanke kogon, ya sa magani ya toshe na wucin gadi, ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta da na kurkurar baki.

A ɗakin ƙarin ruwa na haɗu da mutanen da suke kan 'yan uwan wannan maganin, kuma na lura ƙa'idar kowanne daban take. Wani dattijo mai ciwon dajin ƙoda ƙwayoyin sunitinib yake sha, waɗanda suke toshe saƙon daga cikin ƙwayar jijiya maimakon su kama shi a hanya. Su sun fi saurin barin jiki, amma duk da haka mako 3 ake son a dakatar da su kafin aiki. Akwai kuma masu ciwon sukari da ake yi wa allurar bevacizumab ɗin nan a cikin ido don hana miyagun jijiyoyi tofowa a bayan ido, sai dai abin da ake sa musu miligiram 1.25 ne kacal, a gefen 340 da nake karɓa, don haka lissafinsu ba irin nawa ba ne, ko da yake su ma ya dace su sanar da likitan ido idan suna da gyambo a ƙafa ko an sa musu ranar tiyata.

Sauran kwanakin jiran na mayar da su na shiri. An ce nama ba ya ginuwa sai da kayan gini, don haka uwargida ta tsaya a kan ƙwai 2 kullum, da wake, da kifi, da nono, da zogale, da lemon zaƙi ko gwaiba bayan abinci, ko da bakina ba ya jin ɗanɗano. An gwada furotin ɗin jinina da yawan jinin da sukari sau 2. Kowace safiya ina zagaya unguwa na minti 30. A jikin kalandar ɗakina nake soke kwanaki, kuma ranar da na soke ta 20 na ce wa 'yata yau saura rabi.

A rana ta 44 aka yi aikin. An yanka ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tsawon ɗinkin ya kusa taƙi guda da rabi, aka cire ɓangarori biyu na hanta. Da na farfaɗo, abin da likitan yake dubawa kowace safiya shi ne robar da ke tsiyayar da ruwa daga ciki, yana kallon launinsa ko akwai jini ko ruwan matsarmama, sannan ya danna gefen ɗinkin da yatsa ya ga ko jini yana dawowa wurin da sauri. An koya mini in rungume matashi a ciki duk lokacin da zan yi tari, kuma salla a zaune nake yi. An sallame ni a rana ta 9, amma zaren da a aikin farko aka cire a rana ta 12, wannan karon an bar shi har rana ta 21, aka kuma cire shi ɗaya bayan ɗaya ana tsallake na tsakiya, sai bayan kwana 3 aka cire ragowar.

Duk da wannan taka-tsantsan, a rana ta 16 na tashi na ga rigata ta jiƙe da wani ruwa mai launin ruwan shayi ta ƙarshen ɗinkin na gefen dama. Wuri ya buɗe kimanin santimita 2. Hankalin gidan ya tashi, ni ma na tuna da kashi 15 ɗin nan. Likitan ya sa ɗan ƙarfe mai tsabta ya auna zurfin, ya ce fata ce da kitsen ƙarƙashinta suka saki, amma ɗinkin tsokar da ke riƙe da ciki yana nan daram, kuma irin wannan yana faruwa ko ga wanda bai taɓa shan maganin ba. Bai sake ɗinkewa ba, ya ce a bar shi ya ciko daga ƙasa. Kullum ana cusa masa 'yar auduga mai laimar ruwan gishiri a canza. Ni kuwa tunda na riga na san abin da ake nema, na sa aka kawo mini ƙaramin madubi, duk wankin ciwo sai na duba ƙasan ramin. A rana ta 5 da buɗewar na ga jajayen gudajin nan sun bayyana, masu sheƙi, kuma da aka zare audugar sai ga ɗan jini a jikinta. Ƙunar salansa ta yi mako 6 kafin ta nuna mini wannan launin, wannan kuwa kwana 5 ya ɗauka, a jiki ɗaya, a wurin da ya fi zurfi. Cikin kwana 18 ramin ya cika ya rufe.

An gargaɗe ni cewa rufewar fata ba ita ce ƙarshen aiki ba. A mako na 3 ƙarfin rauni bai wuce kashi 20 cikin 100 na fata mai lafiya ba, jiki yakan ci gaba da warware zaren kolajin yana sake saƙa shi har shekara guda ko fiye, kuma ko ya gama ba ya wuce kashi 80. Saboda haka aka hana ni ɗaga duk abin da ya fi butar alwala nauyi har tsawon wata 3, don kada tabon ya saki ta ciki ya zama ƙaba. Da aka zo ci gaba da kemo, likitar ta ce ba za ta mayar da bevacizumab ba, tunda an cire dukkan abin da hoto yake nunawa, kuma binciken da aka yi bai nuna yana hana ciwon dawowa bayan an yanke shi ba. Ta ajiye shi ne ko da za a buƙace shi nan gaba.

Haƙorin nan ya jira har aka gama kemo, jinina ya dawo daidai. Fiye da wata 5 da sa mini maganin na ƙarshe na koma wurin likitan haƙorin, ya sake neman katin ya duba ranar, ya kira likitata ta waya suka yi magana, sannan ya cire shi ya sa zare biyu a wurin. Bayan mako 2 na koma ya haska bakina, ya ce dasashin ya rufe ramin, ya ba ni ranar dawowa bayan wata 3 don ya ɗauki hoton ƙashin.